Stefan Molyneux da masu sukarsa: tambayoyi da amsoshi kan mutumin da ya ce a rushe gwamnati

Duk wanda ya daɗe yana bibiyar muhawarar siyasa da Turanci a intanet, da wuya a ce bai taɓa cin karo da wani Bature mai sanƙo ba, zaune gaban farin bango, yana zuba magana ta awa biyu ko uku ba gajiya. Sunansa Stefan Molyneux. Magoya bayansa na ɗaukarsa masanin falsafa da aka zalunta, masu sukarsa kuma na kiransa mai yaɗa wariyar launin fata da ya fake da rigar ilimi. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansa.

Wane ne shi, kuma daga ina ya fito?

An haife shi a garin Athlone na ƙasar Ailan a 1966, ya yi ƙuruciyarsa a Landan, daga baya aka koma da shi Kanada yana yaro. Ya karanci tarihi a Jami'ar McGill, ya yi digiri na biyu a Jami'ar Toronto, ya kuma taɓa koyon wasan kwaikwayo na dandamali a Montreal, abin da duk mai kallonsa zai gane daga yadda yake sarrafa murya da fuska. A shekarun 1990 shi da ɗan'uwansa suka kafa kamfanin manhajar kwamfuta, aka sayar da shi a 2000.

Wajajen 2005 ya fara shirin murya mai suna Freedomain Radio. Shirye-shiryen farko a cikin mota yake naɗar su, kan hanyarsa ta zuwa aiki. Sannu a hankali abin ya bunƙasa har ya ajiye aikin ofis, ya koma rayuwa da gudummawar masu sauraro. Kafin YouTube ya rufe tasharsa a 2020, masu bibiyarsa a can sun haura dubu 900. Bai taɓa riƙe kujerar koyarwa a wata jami'a ba, kuma malaman falsafa ba su cika kula shi ba. Ƙarfinsa na wurin matasa ne, galibi maza, waɗanda ke kwana da muryarsa a kunne.

Mece ce aƙidar libateriya da ake danganta shi da ita?

Tushenta ɗaya ne: kowane mutum shi ke da ikon kansa da dukiyarsa, kuma babu wanda ya halatta ya fara amfani da ƙarfi a kan wani. Kare kai ya halatta, fara kai hari bai halatta ba. Kusan kowa zai amince da wannan a tsakanin mutum da mutum. Inda 'yan libateriya suka bambanta da sauran jama'a shi ne sun ce ƙa'idar ta hau kan gwamnati ma. In maƙwabcinka ya karɓi kashi ɗaya cikin biyar na ribarka da barazanar kulle ka, sunansa ɗan fashi. To me ya sa, in ji su, idan jami'in haraji ya yi haka sai a ce doka?

Su ma ba bakinsu ɗaya ba. Mafi yawansu, irin su Milton Friedman da cibiyar Cato ta Washington, gwamnati ƙarama suke so, wadda za ta tsaya ga tsaro da kotu da 'yan abubuwa kaɗan. Wani ɓangare kuma, da ke bin sawun Murray Rothbard wanda ya rasu a 1995, cewa suke yi a kawar da ita baki ɗaya, kasuwa ta ɗauki komai, har da 'yan sanda da alƙalai. Molyneux na wannan ɓangare ne. Kada a ɗauka aƙidar 'yan tsiraru ce da ba ta taɓa ƙasa ba: Javier Milei, wanda ya hau mulkin Ajantina a Disamba 2023, da bakinsa yake cewa shi ɗan wannan ɓangaren ne.

Akwai wata dabara da Molyneux ya yi suna da ita. Idan kana muhawara da shi kan haraji ko yaƙi, sai ya daina maganar manufa ya tambaye ka kai tsaye: ka yarda a ɗaure ni, ni ɗin nan da ke gabanka, idan na ƙi biya? Tambaya ce mai kama mutum a wuya. Matsalarta ita ce tana mayar da duk wanda bai yarda da kai ba maƙiyi mai son a harbe ka, kuma za mu dawo kan wannan tambaya a ƙasa.

In babu gwamnati, wa zai kama ɓarawo, wa zai raba gardama?

Amsarsa ita ce kamfanonin sasanci masu zaman kansu, waɗanda aikinsu ya yi kama da na inshora. Kowa zai yi rajista da ɗaya, ya riƙa biyan kuɗi. Idan ka cuci wani, kamfaninka zai biya diyya ya kuma ƙara maka farashi. Idan ka ƙi bin hukunci, za a cire sunanka, daga nan babu mai sayar maka da abinci, babu mai ba ka hayar ɗaki, babu mai barinka ka taka hanyarsa. Ba kurkuku, sai ƙauracewa.

Suka mafi ƙarfi a kan wannan daga cikin gida ta fito, tun kafin Molyneux ya fara magana. Robert Nozick, malamin falsafa a Harvard kuma ɗan libateriya, ya nuna a littafinsa na 1974 cewa idan kamfanonin tsaro suka yi gogayya a yanki ɗaya, ƙarshenta ɗaya zai rinjayi saura, jama'a su kwarara wurinsa don shi ne mai ƙarfi, sai a wayi gari ga gwamnati ta dawo da wani suna. Wasu kuma sun lura cewa tsarin da zai iya hana mutum abinci da masauki a faɗin ƙasa saboda an goge sunansa daga rajista, ya fi gwamnatoci da yawa iko a kan rayuwar talaka.

Ana yawan kawo Somaliya bayan faɗuwar Siad Barre a 1991. Masu kare aƙidar na cewa harkar sadarwa da aika kuɗi sun bunƙasa a can ba tare da hukuma ba, kuma dokar gargajiya ta dangi ta ci gaba da raba rigingimu. Akwai gaskiya a ciki. Amma yunwa da shingayen 'yan bindiga ma a lokacin suka bunƙasa.

Mu ba sai mun je Mogadishu ba. A ƙauyukan Zamfara da gabashin Sakkwato da yammacin Katsina inda hukuma ta ja da baya, haraji bai ɓace ba. Mai karɓarsa ne ya sauya. Manomi na biyan 'yan bindiga kafin ya shuka, ya sake biya kafin ya girbe, kuma ba shi da kotun da zai kai ƙara. 'Yan sa-kai da jama'a suka kafa don kare kansu, a wurare da dama sun zama wani tashin hankalin. Ɗan libateriya zai ce wannan gazawar gwamnati ce, ba gwajin aƙidarsa ba, kuma ba ƙarya ya yi ba. Sai dai tambayar tana nan: ranar da aka janye soja da ɗan sanda, me zai sa kamfanin sasanci ya riga mai bindiga isowa?

An ce ya rubuta littafin da ya warware matsalar ɗabi'a. Haka ne?

Haka shi ya ce. A 2007 ya fitar da littafi mai suna Universally Preferable Behaviour, inda ya yi iƙirarin tabbatar da kyakkyawa da mummuna ta hanyar hankali zalla, ba tare da addini ko doka ba. Hujjar ita ce duk ƙa'idar ɗabi'a dole ta yiwu ga kowa a lokaci guda. Sata ba za ta cika wannan sharaɗi ba, domin idan kowa na son a yi masa sata, to ba sata ba ce kuma, kyauta ce. Haka kisa da fyaɗe. Ya ƙara da cewa duk wanda ya tsaya yin gardama da shi ya riga ya amince gaskiya ta fi ƙarya, saboda haka ya shiga tarkon tun kafin ya buɗe baki.

A 2012 David Gordon na cibiyar Mises, wadda ita ce matattarar almajiran Rothbard, ya yi wa littafin fata-fata. Ba maƙiyin aƙidar ba ne, nasu ne. Gundarin sukar da ake yi wa hujjar shi ne: ko da ka nuna ba zai yiwu a wajabta wa kowa sata ba, ba ka nuna an haramta ta ba. Ba zai yiwu kowa ya zama likita a lokaci guda ba, amma wannan bai mayar da likitanci laifi ba. Sannan tsohuwar matsalar da David Hume ya nuna tun ƙarni na 18, cewa daga "abu kaza haka yake" ba a tsallakawa kai tsaye zuwa "abu kaza ya kamata", tana nan ba a taɓa ta ba. Molyneux ya mayar da martani, almajiransa suka gamsu, waɗanda ke wajen da'irar ba su gamsu ba.

Me ya sa ake zarginsa da raba 'ya'ya da iyayensu?

A nan ne sunansa ya fara ɓaci, shekaru kafin maganar launin fata. Ra'ayinsa shi ne mutane na miƙa wuya ga gwamnati ne domin tun suna yara an koya musu miƙa wuya ga mai ƙarfi a gida. Uba mai duka shi ke haifar da talaka mai tsoron hukuma. Don haka gyaran duniya daga gida zai fara. Har nan mutane da yawa za su bi shi. Amma ya ci gaba ya ce dangantakar jini ba ta wajabta komai a kan baligi, kuma idan iyaye sun cutar da kai, ka zauna ka faɗa musu, in ba su saurara ba ka yanke hulɗa. Ya taɓa rubuta cewa a zuciyarsa bai yarda akwai iyaye nagari na haƙiƙa ba, kamar yadda babu likitoci nagari a ƙarni na 10.

Matasa kan bugo waya a shirin su faɗi damuwarsu, shi kuma ya riƙa tono ƙuruciyarsu a gaban dubban masu sauraro har a kai ga uwa ko uba. A 2008 jaridar Guardian ta Birtaniya ta buga labarin wata uwa da ɗanta mai shekara 18 ya bar mata takarda ya fice daga gida bayan ya shiga wannan da'ira. Wasu iyayen suka fito da irin labarin. Masu nazarin ƙungiyoyin da ke juya tunanin mabiya suka ce alamomin sun yi kama: shugaba ɗaya mai amsar komai, kalmomi na musamman da 'yan ciki kaɗai ke ganewa, da nesanta mabiyi daga duk wanda zai ja shi baya. A 2012 hukumar da ke kula da aikin masana halayyar ɗan'adam a lardin Ontario ta sami wata ma'aikaciyar fannin da ke fitowa a shirin da laifin saɓa ƙa'idar aiki, kan shawarwarin da ake ba masu sauraro game da iyalansu.

Shi Molyneux ya musanta. Ya ce waɗanda suka bar gida ƙalilan ne cikin dubbai, yana tura mutane wurin ƙwararru, kuma babu wanda zai ce wa matar da miji ke jibga dole ta zauna, to don me za a ce wa ɗa haka?

Ga Bahaushe, wanda aka raina kan cewa yanke zumunci babban zunubi ne, abu ne mai sauƙi ya yi tsaki ya wuce. Ina ganin bai kamata a wuce da sauri haka ba. Akwai gidajen da ake azabtar da yara, a can da nan, kuma "ai mahaifinka ne" ta rufe bakin mutane da yawa da ya kamata a saurara. Laifin Molyneux ba faɗin wannan ba ne. Laifinsa shi ne ya faɗaɗa ma'anar cutarwa har ta haɗiye kusan kowane gida, sannan ya yanke hukunci kan iyayen da bai taɓa gani ba, daga bakin ɓangare ɗaya, a wayar awa guda. Ko alƙalin ƙauye ba ya yin haka.

Me yake cewa game da mata?

Yana ɗora musu kaso mai yawa na sharrin duniya. A wani taron masu fafutukar haƙƙin maza da aka yi a yankin Detroit a 2014, da kuma a shirye-shirye da dama, ya ce mata ne ke zaɓar mugayen maza su haihu da su, su ne kuma ke rainon yara a shekarun farko, don haka tashin hankali daga wurinsu yake somawa. Iyaye mata marasa miji sun fi shan suka a bakinsa. A Disamba 2019 ya jawo wa kansa dariyar duniya da ya rubuta a Twitter yana jimamin ƙwayayen haihuwar wata fitacciyar mawaƙiyar Amurka da ke gab da cika shekara 30. Masu sukarsa na tambaya: mutumin da ke wa'azin kowa ya ɗauki alhakin aikinsa, ya aka yi namijin da ya ɗaga hannu ya yi dukan ya zame daga lissafi?

Gaskiya ne yana cewa baƙar fata ba su kai Turawa basira ba?

Gaskiya ne. Daga wajajen 2015 ya mayar da wannan babban jigon shirinsa. Yana cewa matsakaicin makin gwajin basira ya bambanta tsakanin jinsuna, mutanen gabashin Asiya da Yahudawan Turai a sama, Turawa a tsakiya, baƙar fata a ƙasa, kuma gado ne ke da babban kaso a bambancin. Daga nan sai ya bayyana talaucin Afirka da laifuka a biranen Amurka da wannan ma'auni. Yana kare kansa da cewa mai fifita farar fata ba zai sa wasu a saman Turawa ba, kuma shi baƙin ciki abin yake ba shi. Ya karɓi baƙuncin marubutan Amurka masu irin wannan ra'ayi, Charles Murray da Jared Taylor, ya kuma taɓa zama da masani James Flynn, wanda ya yi adawa da ra'ayin.

Tunda maganar a kanmu take, ya kamata a san inda alƙaluman suka fito. Mafi yawan lambobin da ake yawo da su kan Afirka daga Richard Lynn suke, wani masanin halayyar ɗan'adam ɗan Birtaniya, wanda a littafinsa na 2002 ya ba ƙasashen kudu da Sahara maki wajen 70, inda 100 ne matsakaici. Da masu bincike suka bi diddigin tushensa sai aka ga abin kunya. Makin da ya ba ƙasar Equatorial Guinea, alal misali, daga gwajin da aka yi wa wasu yara a gidan kula da masu naƙasar ƙwaƙwalwa a Sifen aka ɗauko shi. Ƙasashe da dama ba a yi gwaji a cikinsu ba sam, ƙiyasi ya yi daga maƙwabta. A 2010 Jelte Wicherts da abokan aikinsa a Holan suka sake duba nazarce-nazarcen, suka nuna Lynn ya riƙa watsar da waɗanda 'yan Afirka suka ci maki mai yawa, kuma in an haɗa su lissafin na komawa wajen 80. Jami'ar Ulster ta janye masa muƙamin girmamawa a 2018.

To ko 80 ɗin fa? A nan aikin Flynn ke shigowa. Ya nuna cewa a ƙasashen Turai da Amurka makin gwajin ya riƙa hawa da kusan maki 3 duk shekara goma a tsawon ƙarni na 20. Wato kakannin Turawan yau, in aka auna su da ma'aunin yau, za su faɗo kusa da inda ake cewa Afirka take. Jininsu bai sauya cikin shekara 70 ba. Makaranta ce ta yawaita, abinci ya inganta, cututtuka suka ragu. An ga irin wannan hawa mai sauri a yaran karkarar Kenya tsakanin 1984 da 1998. A Amurka ma, Flynn da William Dickens sun nuna a 2006 cewa tazarar da ke tsakanin baƙaƙe da farare ta ragu da maki 4 zuwa 7 daga 1972 zuwa 2002.

Kuskuren da ke ƙarƙashin duka shi ne ɗaukar cewa idan gado na da tasiri tsakanin mutum da mutum, to shi ne ke bayyana bambancin al'umma da al'umma. Masanin halittu Richard Lewontin ya warware wannan da misalin iri. Ɗebi gero daga buhu ɗaya, ka shuka rabi a gona mai taki da ruwa, rabi a fako. A cikin kowace gona, tsayin kara zai bambanta saboda ƙwayar iri. Amma bambancin da ke tsakanin gonakin biyu na ƙasa ne gaba ɗaya, tunda buhun ɗaya ne.

Kuma mun san irin ƙasar da yaranmu ke tsirowa a kai. Ƙarancin sinadarin aidin, tamowa, zazzaɓin cizon sauro da ke taɓa ƙwaƙwalwa, duk an tabbatar suna rage kaifin fahimta. A 2010 gubar dalma daga niƙan duwatsun zinariya ta kashe yara aƙalla 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Zamfara, dubbai kuma suka rayu da ita a jini. Wanda zai gwada yaran Bagega, ɗaya daga cikin ƙauyukan da gubar ta shafa, ya ce ya auna jinsinsu, ba kimiyya yake yi ba. A ƙara da cewa Afirka ta fi kowace nahiya bambancin ƙwayoyin gado a tsakanin mutanenta, don haka cusa Bahaushe da Bazulu da Bahabashe a kwando ɗaya ba shi da wata ma'ana a ilimin halittu.

Ta yaya mai son rushe gwamnati ya koma goyon bayan tsaurara kan iyaka?

Wannan ita ce tambayar da tsofaffin masoyansa suka fi yi, kuma a ganina nan gizo ke saƙar. A shekarun farko yana cewa kan iyaka layi ne da 'yan fashi suka zana, jefa ƙuri'a kuma ɓata lokaci ne. Da rikicin 'yan gudun hijira ya kama Turai a 2015, Donald Trump kuma ya fito takara, sai harshe ya juya. Ya shiga kare Trump, yana gargaɗi kan shigowar Musulmi da 'yan Afirka, yana yayata cewa ana yi wa fararen manoman Afirka ta Kudu kisan ƙare dangi. Shi da bai yarda da samuwar Allah ba, har ya yi rubuce-rubuce a kan haka, ya koma yabon Kiristanci a matsayin garkuwar Yammacin duniya. Bayan wata ziyara da ya kai Poland a 2018 ya fito ya ce abin da ya gani a ƙasar da kusan kowa fari ne ya sassauta adawarsa da masu kishin farar fata.

Hujjarsa ita ce muddin gwamnati na raba tallafi daga harajin jama'a, buɗe iyaka ƙarin zalunci ne a kan mai biya, kuma baƙin da suka fito daga al'adun da ba su san 'yanci ba za su zaɓi gwamnati mai ƙarfi. Ba shi ya ƙirƙiro wannan ba, Hans-Hermann Hoppe ya daɗe yana faɗin makamancinsa. Wasu 'yan libateriya, irin su Bryan Caplan, na ganin akasin haka: hana mutum tsallaka iyaka ya yi aikin da wani ya yarda ya ba shi, amfani da ƙarfi ne tsagwaronsa.

A koma ga tambayar da ya yi suna da ita. Bamalle ko Basiriye da ke cikin kwale-kwale a Bahar Rum zai iya kallonsa ya ce: ka yarda a yi amfani da ƙarfi a kaina, ni ɗin nan, alhali ban taɓa kowa ba? Aƙidar da ta fara da cewa mutum ɗaya ake yi wa hukunci da aikinsa, ta ƙare tana yi wa miliyoyi hukunci da matsakaicin makin da aka jingina wa launinsu. Wannan amai ne aka lashe, kuma ba sai ka zama ɗan gurguzu za ka gani ba.

Yana da hannu a harin masallatan New Zealand?

Babu wanda ya tuhume shi da hannu a harin, kuma ya yi Allah-wadai da shi. Abin da ya tabbata shi ne: ranar 15 ga Maris 2019 wani ɗan Ostireliya ya kashe mutum 51 a masallatai biyu na Christchurch ana sallar Juma'a. Hukumar binciken da gwamnatin ƙasar ta kafa ta fitar da rahoto a Disamba 2020, inda ta ce maharin ya taɓa aika gudummawar kuɗi kaɗan ga Freedomain Radio, cikin wasu ƙungiyoyi da ya ba kuɗi, kuma YouTube ya taka rawa babba wajen gina tunaninsa.

Mai shiri ba ya zaɓar masu sauraronsa, wannan gaskiya ne. Amma masu suka na cewa wanda ya shafe shekaru yana faɗa wa samari cewa wayewarsu na gab da mutuwa saboda baƙi, bai kamata ya yi mamakin irin wanda ya ji abin ya yi masa daɗi ba. Watanni kafin harin, a tsakiyar 2018, shi da Lauren Southern, wata 'yar Kanada mai adawa da shigowar baƙi, sun zaga Ostireliya da lacca, inda kalamansa kan 'yan asalin ƙasar suka tayar da ƙura. Da suka isa Auckland, magajin gari Phil Goff ya riga ya hana su ɗakunan taro na hukuma, mai wurin da suka kama haya kuma ya soke taron.

Korarsa daga dandamali ba tauye 'yancin magana ba ne?

PayPal ya rufe asusunsa a Nuwamba 2019. YouTube ya goge tasharsa ranar 29 ga Yuni 2020, rana ɗaya da ta David Duke da Richard Spencer, fitattun masu kishin farar fata na Amurka, bisa dokar kalaman ƙiyayya. Twitter ya bi baya a Yuli, yana mai cewa ya karya dokar amfani da shafukan bogi. Shi ya ce babban kuskure aka yi, bai taɓa kiran a yi tashin hankali ba.

Abin dariyar shi ne bisa aƙidarsa babu laifin da aka yi masa. Kamfani dukiyar masu shi ne, suna da ikon korar wanda suka ga dama, kuma ƙauracewa ita ce hukuncin da shi da kansa ya tsara wa duniyar da babu gwamnati. Masu sukarsa ba su manta da 2014 ba kuma, lokacin da ɓangarensa ya yi amfani da dokar haƙƙin mallaka ta Amurka aka rufe tashoshin wasu da ke yanko maganganunsa suna sukarsa, alhali ya sha cewa bai yarda da irin wannan doka ba. Ya ce don kare masu sauraronsa daga tsangwama aka yi. Ɗaya daga cikin waɗanda abin ya shafa ta kai ƙara kotu.

Duk da haka ban ga abin murna a korar ba. Akwai bambanci tsakanin kamfani ya kori mutum da gwamnati ta toshe bakin jama'a, kamar yadda aka rufe Twitter a Najeriya daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022, matakin da kotun ECOWAS ta ce ya saɓa doka. Amma idan kamfanoni uku ko huɗu a California ne ke riƙe da dandalin da duniya ke magana, hukuncinsu ya wuce na mai shago. Yau Molyneux ne, gobe mai rubutu da Hausa ne wanda na'urar tacewa ba ta fahimci abin da ya ce ba. Sannan goge tasha ba ya goge hujja. Lambobin Lynn na nan suna yawo a hannun mutanen da ba su taɓa jin sunan Molyneux ba.

Akwai abin da ya faɗa daidai?

Akwai. Ya yi shekaru yana yaƙi da dukan yara lokacin da masu ra'ayin riƙau da ke sauraronsa ba sa son ji, kuma bincike na bayansa a nan. Wani babban nazari na 2016 da ya tattara bayanan yara fiye da dubu 160 ya danganta duka da ƙarin taurin kai da matsalolin tunani, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka kuma ta fito ƙarara ta hana shi a 2018. Ya soki yaƙin Iraƙi da ɗaure mutane kan ƙwaya. Tambayarsa kan inda gwamnati ta samo ikon karɓar kuɗin mutum ma ba ta banza ba ce, musamman ga wanda ke biyan haraji bai ga hanya ko asibiti ba. Wannan ne ma ya sa ya fi masu zagi tsirara haɗari: saurayi kan shigo ta ƙofar tarbiyyar yara ko tattalin arziki, ya sami abin da ya gamsar da shi, ya saki jiki, sannan a kai shi ɗakin launin fata. Jaridar New York Times ta ba da labarin wani matashi ɗan West Virginia a 2019 da ya bi wannan hanya daidai, kafin ya juyo.

Ina yake yanzu?

Bai daina ba. Yana ci gaba da fitar da shirye-shirye a shafinsa na kansa da wasu ƙananan dandamali, da kuɗin masu sauraro, ciki har da Bitcoin, wanda yana cikin waɗanda suka fara tallata shi tun da wuri. Bayan korar ya rage siyasar yau da kullum, ya fi karkata ga amsa kiran masu neman shawara kan aure da tarbiyya. An mayar masa da shafinsa na Twitter bayan Elon Musk ya sayi kamfanin a 2022.